Kujerar girma da idon matuƙi

Ƙasar Kurfai ba ta da gulbi. Abin da take da shi gurbin gulbi ne, wato Dallol Boso, wannan faffaɗan kwari da ya gangaro daga Azawak, ya ratsa Filinge da Bonkuku da Baleyara, har ya je ya tarar da kogin Isa wajen Bumba. Masana sun ce ruwa ya gudana cikinsa dubban shekaru da suka wuce. Yau kuwa sai rairayi da gawo da goriba, da rijiyoyi marasa zurfi, da tabkunan damina waɗanda ke ƙafewa kafin bazara. Yaron da aka haifa a Shikal ko Tukunus yana iya girma har ya yi aure bai taɓa sa ƙafa cikin jirgin ruwa ba. Amma ci-rani ya kai Kurfayawa inda kakanninsu ba su taka ba, kuma daga can wasunsu suka komo da sanin da ba a koyarwa a lakwal.

A shekarar 1984, da fari ya ƙone gero, shanu suka zube, Najeriya kuma ta rufe iyakokinta, samarin Kurfai da yawa suka juya akala zuwa Abijan. Cikinsu akwai wani ɗan manoma na wajen Filinge, wanda ya fara da dako a kasuwar Tireshbil, ya koma gadin dare a gidan wani attajiri mai fataucin katako, daga nan aka mai da shi yaron jirgi. Jirgin na shaƙatawa ne, irin wanda Turawa ke ce ma yot, wanda masu hannu da shuni ke hawa ranakun Asabar da Lahadi su ratsa tabkin Ebiriye zuwa tsibirin Bule, ko su fita ta mashigin Biridi su bi gaɓar teku zuwa Asini. Aikin saurayin wankin bene, da goge gilashi, da ɗaurin igiya, da kai ma baƙi ruwan sanyi. Ya daɗe cikin wannan aiki, sai rikicin Kodibuwa na 2002 ya maido shi gida. Yau dattijo ne mai furfura, yana kiwon ƴan tumakinsa, kuma in aka yi zancen tafiya a majalisa, magana ɗaya yake maimaitawa: kafin ka tambayi inda za a zaunar da kai, ka tambayi abin da mai tuƙi ke gani.

Tsawon jirgin da ya yi ma hidima bai wuce mita 15 ba, amma cikinsa tamkar gidan bene. Can ƙasa ɗakunan kwana biyu da makewayi. A tsakiya falo, gilashi kewaye da shi: doguwar kujera mai kusurwa a hannun hagu, tebur gabanta, ɗan madafi da firiji ta baya. Can gaba a hannun dama, bisa wani ɗan dandamali, kujerar matuƙi da sitiyari da agogunan inji. Bisa rufi kuma akwai wurin tuƙi na biyu, a sarari, inda mutum ke hangen gabas da yamma, kudu da arewa, ba abin da ya tare shi. Baƙauyen Kurfai ya daɗe yana mamakin jirgi ɗaya da sitiyari biyu, kafin ya gane dalili: maƙeran jirgin da kansu sun san matuƙin da ke zaune cikin falo ba ya gani sosai. Kowane abin jin daɗi da aka ƙara a falon, daga idonsa ake yankar kuɗinsa. In aka ɗaga jinginar kujera don baƙo ya miƙe wuya, an rage tagar hagu. In aka faɗaɗa ginshiƙan da ke riƙe da rufi don a sa kujeru da laima a sama, kowane ginshiƙi ya isa ya ɓoye kwale-kwale guda. In aka ɗauko madafi daga ƙasa aka kawo shi falo don mai girki ta yi hira da baƙi, firiji da kabad sun tsaya tsakanin matuƙi da bayansa.

Matuƙin jirgin wani Bafante ne daga Gana, wanda ya tashi cikin masunta, yana kuma jin Hausar zango. Dokokinsa uku ne, kuma ya koya ma yaron nasa su tun makon farko. Ta ɗaya, babu mai tsayawa a hagunsa muddin jirgi na tafiya, domin mutum ɗaya a tsaye kusa da ido ya fi dutse mai nisa tare hanya. Ta biyu, in dare ya yi a kashe fitilun falo, domin haske na ciki yana mai da gilashi madubi, matuƙi ya duba gaba ya ga fuskarsa da ta baƙi a maimakon ruwa. Ta uku, kada baƙi su taru duka a baya lokacin da zai ba inji wuta. Irin wannan jirgi, in ya fara gudu, goshinsa ɗagawa yake kamar dokin da aka ja ma linzami, sai bayan ƴan daƙiƙu ya kwanta bisa fuskar ruwa. Cikin ƴan daƙiƙun nan matuƙi sama yake gani, kuma nauyin mutane a baya yana ƙara tsawon makantar. Saboda haka kafin ya tura hannun inji, sai ya miƙe tsaye ya ƙare ma ruwan da ke gabansa kallo, kamar mai haddace shi.

Wata shekara uwargidan attajirin ta kawo kafinta, aka kafa dogon kabad na kwalabe da kofuna a ƙarshen doguwar kujerar, daidai kafaɗar matuƙi ta hagu, aka kuma rataya labule masu kauri. Falon ya yi kyau ainun, baƙi suka yi ta yabo. Bafanten ya je ya sami maigida cikin ladabi, ya ce kabad ɗin ya cinye masa kusurwa guda. Maigida ya amsa masa da cewa an sayi jirgi don a ji daɗi, kuma in yana son gani ya hau sama. Magana ce mai kama da gaskiya, har ranar da sama ta ƙi hawuwa. Wani daren Lahadi cikin damina, suna komowa daga Bule, ruwa ya kece da iska, kowa ya gudo falo, matuƙi ma dole ya sauko. Aka kunna fitilu, aka ja labule, wani babban baƙo ya tsaya jikin kabad yana ba da labari, ba kuwa wanda ya isa ya ce masa ya zauna. Ɗan Kurfai yana can goshin jirgi cikin ruwan sama, riƙe da igiya. Shi ya ga kwale-kwalen masunta marar fitila yana fitowa ta hagu. Ya yi ihu, ya bubbuga gilashi, matuƙi ya karya sitiyari, amma sai da suka daki wutsiyar kwale-kwalen. Uba da ɗansa suka faɗa ruwa. An tsamo su da rai, sai dai ƙafar yaron ta karye, taru da kifin kwana guda suka nutse. Kashegari aka sallami Bafanten, aka ɗauki wani. Kabad ɗin kuwa yana nan inda yake har ranar da ɗan Kurfai ya bar Abijan.

Abin da Bafanten ya sani da ido da kafaɗa, ƙasashen duniya sun rubuta shi cikin doka. Yarjejeniyar kauce ma karo a teku ta 1972, a doka ta 5, ta wajabta ma kowane jirgi ya kasance da tsaro na gani da na ji a kowane lokaci. Yarjejeniyar SOLAS ta kare rayuka a teku ta je har ga awo: jirgin da ya kai mita 55, wanda aka ƙera daga 1 ga Yuli 1998, ba a yarda ruwan da ke gaban goshinsa ya ɓoye ma matuƙi fiye da tsawon jirgin sau biyu ba, ko mita 500, wanda duk ya fi gajarta. Dole hangensa ya kai digiri 225 cikin 360 na da'ira. Kaya ko ƙarfen ɗaga kaya da zai tare masa ido kada ya ci fiye da digiri 10 a wuri guda, jimillarsu kuma kada ta wuce 20. Tagogin gaba ana karkata su, samansu ya fita waje, don hasken ciki kada ya dawo ma ido, kuma an hana gilashi mai duhu. Ƙananan jiragen shaƙatawa, waɗanda ba su wuce mita 24 ba, su ma Tarayyar Turai ta yi masu doka tun 1994, akwai kuma ma'aunin ISO 11591 wanda ya tsara abin da ya wajaba mai riƙe da sitiyari ya gani, a zaune ko a tsaye.

Ba don son rubutu aka yi waɗannan dokoki ba. Rayuka ne suka saye su. Daren 20 ga Agusta 1989, a kogin Tamis, tsakiyar birnin Landan, wani jirgin shaƙatawa mai suna Marchioness yana ɗauke da mutum wajen 130 masu bikin zagayowar ranar haihuwa, sai jirgin yashi mai suna Bowbelle ya taho ta bayansa ya danne shi kusa da gadar Sazak. Cikin ƙasa da minti ɗaya ya nutse, mutum 51 suka mutu. Marchioness tsohon jirgi ne na 1923, wanda daga baya aka ƙara masa ɗakin baƙi a sama don ya ɗauki masu rawa da shagali, ginin kuwa ya rage ma matuƙi ganin bayansa. Shi kuma Bowbelle ɗakin tuƙinsa yana can baya, ƙarafan haƙar yashi sun tare masa gaba. Rahoton alƙali Clarke, wanda ya fito a 2001, ya tsaya kan cewa babu ɗaya cikin jiragen biyu da ya yi tsaron ido yadda ya kamata. Ga hasken birni, ga kogi kwance, ga matuƙa masu takarda, amma ɗaya bai ga gabansa ba, ɗaya bai ga bayansa ba.

Mai karatu na iya cewa wannan zancen masu kuɗi ne da Turawa, ina ruwan mai sayar da wake da albasa? Ruwansa kuwa har wuya. Duk ɗan kasuwar Filinge da ya taɓa bin kayansa zuwa Malanbil, ko kasuwar Ayoru, ya san jirgin kogin Isa: dogon jirgin katako, injin Yamaha maƙale a gindinsa, matuƙi zaune can baya riƙe da hannun inji. Duk abin da aka ɗora, buhuna da jarkoki da babura da mutane, tsakaninsa da hanyarsa yake. A zamanin filafili da gwangwala Sarkawa sun raba aikin biyu: na baya yana juya jirgi, na gaba yana tsaye yana karanta ruwa, yana nuna inda dutse yake, da inda yashi ya taru, da inda dorina ta nutse. Da inji ya zo, jirgi ya ƙara tsawo, gudu ya ƙaru, kaya suka ƙara tudu, wurin na gaba kuwa sau da yawa sai a sayar da shi ga fasinja ko a cika shi da buhu.

Ga lissafin da kowane ɗan kasuwa zai iya yi bisa bayan takardar duwan. A ɗauka jirgi mai tsawon mita 20, matuƙi ya miƙe tsaye, idonsa na bisa ruwa da mita 2. Mita 10 a gabansa an tara buhuna, tudunsu ya kai mita ɗaya da rabi daga fuskar ruwa. Idonsa ba zai sauka bisa ruwa ba sai a mita 40 daga inda yake tsaye, wato mita 20 na gaban goshin jirgi sun ɓace masa. In jirgin na gudun kilomita 15 a awa, cikin daƙiƙa biyar zai cinye wannan tazara. To, a ƙara jeri ɗaya na buhuna, mai kaurin santimita 30: makantar ta tashi daga mita 20 ta koma 80. A ƙara wani jerin kuma, ko ya yi ɗage ba zai ga ruwan gabansa ba ko kaɗan, sai dai ya leƙa ta gefe. Buhun ƙarshe, wanda mai kaya ke roƙo a ɗora masa don Allah da Annabi, shi ne ke rufe idon wanda ke riƙe da ran kowa.

Kogin kuwa ba ya yafiya. A watan Satumba 2017 jirgin ƴan kasuwa da ya taso daga Gaya zuwa kasuwar Lolo, cikin jihar Kabi ta Najeriya, ya kife, aka tsamo gawa fiye da 30. A watan Fabrairu 2019 wani ya nutse wajen Sambera, cikin jihar Doso, ɗauke da masu zuwa cin kasuwa daga Benin, fiye da mutum 40 suka ɓace. A watan Mayu 2021 wani ya tarwatse kusa da Wara, bisa tabkin Kainji, inda kututturan itatuwan da ruwa ya shanye tun gina madatsar a 1968 ke kwance ƙarƙashin ruwa. Gawarwakin da aka tsamo sun haura 70. Kowane karo hukumomi kan ambaci lodi fiye da kima, kuma gaskiya ne. Sai dai in an ce lodi, nauyi kaɗai ake tunawa, alhali lodi yana da tsayi. Nauyi shi ke kusantar da bakin jirgi ga ruwa. Tsayi shi ke sa jirgi tangaɗi, shi ke kuma hana matuƙi ganin igiyar ruwa ko kututture tun da sauran lokacin kaucewa. Da aka rufe gadar Gaya da Malanbil bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, dubban mutanen da ba su taɓa hawa ruwa ba, cikinsu har da ƴan tudu irin Kurfayawa waɗanda ba su iya iyo ba, sun ƙetare kogin cikin irin waɗannan jirage, su da kayansu. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Dabara tun a gaɓa ake yin ta.

Ko a tudu ma, maganar ba ta sake ba. Tsakanin tashar Wadata ta Yamai da Filinge tafiyar kilomita wajen 180 ce, ta Hamdallay da Baleyara, kuma kowa ya san tsarin zama cikin motar Hiace. Kujerar gaba ta girma ce: ta alhaji, ta babban ma'aikaci, ta mai rawani, wani lokaci har da ƙarin kuɗi. In manya sun yi yawa sai a matsa, wani ya raba kujera da direba, gwiwarsa bisa giya. Tagar baya kaya sun toshe ta tun daga tasha. Gilashin gaba kuwa, sama an liƙa addu'a da sunan mai mota, tsakiya tasbaha da turare na lilo, ƙasa an jera ledar burodi da takardun mota, abin da ya rage ma direba bai fi faɗin faifai ba. Da wannan faifan zai hangi jaki da amalanke da garken shanun da ke gangarowa kasuwar Baleyara ranar Lahadi.

Dattijon nan yana da ɗan ƙanwa direba a wannan hanya. Ranar da ya fara ɗaukar kawun nasa zuwa Yamai, ya riga ya sa mutum biyu a gaba, amma kunya ta hana shi barin babba a baya, sai ya buɗe ƙofa ya ce: «Kawu, ga wurinka nan gaba, su matsa maka.» Dattijon ya dubi kujerar, ya dubi madubin dama, ya ce: «Ɗana, in na zamna nan da rawanina da jikkata, da mi za ka ga madubi? Ba ni son girman da za shi rufe maka ido. Bar ni baya, mu isa lafiya.» Ya shiga ya zauna tsakanin wata mai tallar kuka da wani ɗan lakwal. Mutanen tasha suka yi ta dariya, wasu suka ce zaman Abijan ya taɓa shi. Ɗan ƙanwar dai tun ranar ba ya ɗaukar na uku a gaba, ko da yake kowace tafiya kuɗin mutum guda ke kuɓuce masa, mai mota kuma ba ya jin daɗin haka.

A nan wahalar take. Wurin da matuƙi ke buƙata don ya gani, wuri ne da ake iya sayarwa, kuma shi matuƙin ne mafi ƙarancin murya cikin masu rabon wuri. Mai jirgi yana son kuɗin buhu, mai buhu yana son kayansa su isa yau, babban mutum yana son a ga inda aka zaunar da shi, shi kuwa mai tuƙi ɗan albashi ne, in ya yi gardama akwai goma masu jiran aikinsa. In tsautsayi ya auku, shi ake fara kamawa. Bafanten Abijan da matuƙin Gaya da direban Wadata jirgi ɗaya ya kwaso su.

Gyaran ba ya bukatar kuɗin ƙasashen waje. Jandarma da ma'aikacin duwan da wakilin magajin gari, waɗanda ke ƙirga kawuna da duba takardu a bakin ruwa da bakin tasha, akwai awo guda da ba ya cin ko dala: mutum ya je ya tsaya inda matuƙi ke tsayawa, ko ya zauna inda direba ke zama, ya duba gaba. In bai ga ruwa ko kwalta kusa ba, a sauke jeri ɗaya kafin a tashi. Mai kaya ya yarda a shimfiɗa buhunansa ƙasa-ƙasa a tsakiyar jirgi a maimakon a gina su kamar rumbu. A bar ma ɗan gaba wurinsa a goshin jirgi, a biya shi ladansa cikin kuɗin hawa, domin shi ne ido na biyu. A bar tafiyar dare, wadda hukumar kula da hanyoyin ruwa ta Najeriya ta sha hanawa. In kuwa ta zama dole, masu tocila da wayar hannu su kawar da haskensu daga fuskar mai tuƙi. Babban mutum kuma, wanda ba mai iya ce masa ya matsa, shi ya kamata ya fara matsawa da kansa, tunda in jirgi ya kife ruwa ba ya tambayar wa ke zaune a kujerar girma.

Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima, muddin an bar masa inda zai duba. Allah ya kiyaye matafiya, na ruwa da na tudu, ya maido kowa gidansa lafiya.